Etymonline: ashe focus murhu ne

Jama'a duk mai son sanin tushen kalmomin Turanci ya gwada Etymonline, wata biyu kenan ina amfani da ita a waya kuma gaskiya ta biya ni. Wani Ba'amurke mai suna Douglas Harper ne ya fara haɗa ta tun 2001, kana rubuta kalma zata kawo maka yaren da ta fito da lokacin da aka fara ganinta a rubuce.

Kalmar da tasa na kamu da sonta ita ce focus. Kullum muna jinta, malami yace kayi focus, mai ɗaukar hoto yace kyamara bata yi focus ba, ni a zatona maida hankali ne kawai shikenan. Ashe a Latin murhu take nufi, wajen hura wuta a cikin gida! Sai a 1604 Johannes Kepler, masanin taurarin nan Bajamushe, ya ari kalmar ya laƙaba wa wurin da haske ke haɗuwa, kuma in ka taɓa tara hasken rana da gilashin ƙara girman rubutu har takarda ta fara hayaƙi to ka ga alaƙar da idonka, ɗan ɗigon nan mai zafi shi ne murhun. Ma'anar tattara hankali daga baya ta biyo. Wallahi tun ranar in aka ce min nayi focus wannan ɗigon nake gani.

Inda ta fi burge ni shi ne yadda take nuna maka dangin kalma, ka danna wannan ta kai ka waccan. A nan na gano fuel ma daga wannan murhun ta fito, haka curfew, wato dokar hana fita, asalinta a tsohon Faransanci "rufe wuta" ne, ƙararrawar da ake kaɗawa da dare kowa ya rufe wutar murhunsa.

Sai dai ka sani tarihi take bayarwa, ba koyar da magana ba. In so kake ka san cewa focus da on take tafiya, ko yaushe ake cewa focuses yaushe ake cewa foci, to ka buɗe ƙamus ɗinka a gefe, ni haka nake haɗa su.