Ina za ka kwana da babbar mota mai ɗaki a Amurka?

Wanda ya sayi ko ya yi hayar irin motocin nan masu ɗaki da kicin da banɗaki, waɗanda girmansu ya kai na bas, ya kan ɗauka ya huta da neman masauki. Ba haka abin yake ba. Manyansu kan kai ƙafa 40 zuwa 45 a tsawo, bisansu kuma ya haura ƙafa 12, kuma ba kowane sansani ne zai karɓe su ba. Kafin ka biya ko sisi, ɗauki ma'auni ka auna motarka da hannunka, tun daga gaba har kan abin rataya kekuna, daga ƙasa har saman na'urar sanyaya ɗaki. Idan kana jan ƙaramar mota a baya, ita ma a sa ta cikin lissafi.

Zuciyar kowa ta fi karkata ga manyan gandayen daji na gwamnatin tarayya, kuma da gaskiyarsu, don nan ne kyan yake, kuɗin ma da sauƙi. Matsalar ita ce yawancin sansanoninsu an shata su ne tun zamanin da mutane ke zuwa da tanti da ƙaramar mota. A kwarin Yosemite iyakar tsawon da aka yarda shi ne ƙafa 40, filayen da suka kai haka 'yan kaɗan ne, kuma babu wajen jona wuta. A Grand Canyon sansanin Mather ƙafa 30 yake ɗauka, sai dai kusa da shi akwai Trailer Village mai ɗaukar har ƙafa 50, da wuta da ruwa da magudanar ƙazanta. A Yellowstone kaf, Fishing Bridge ne kaɗai ke da waɗannan ukun a haɗe, ba a kuma barin masu tanti su kwana a can saboda namun dajin nan beyar. Yawancin irin waɗannan filaye a shafin intanet na Recreation.gov ake kama su, galibi wata 6 kafin ranar zuwa, dogayen ciki su ne ke fara ƙarewa.

Abin da ya fi damuna, wanda mutane ba su cika dubawa ba, shi ne hanyar da za ta kai ka. Fili na iya isarka amma titi ya hana ka isa filin. Ramin dutsen da ke hanyar gabas ta gandun Zion an buɗe shi ne a 1930, motar da bisanta ya yi yawa ba ta shiga ko kaɗan. A gandun Glacier kuwa, titin da ke ƙetare duwatsun ya haramta ga duk abin da ya wuce ƙafa 21 a tsawo. Ko a cikin sansani, reshen itace guda da ya sauko ko kwana mai tsauri ya isa ya kankare maka rufi.

Sansanonin 'yan kasuwa su ne aka gina don irin motarka. KOA, ɗaya daga cikinsu, da ta faro a garin Billings na jihar Montana a 1962, tana da rassa sama da 500. A irinsu ne za ka samu filin da ake shiga ta wannan bakin a fita ta wancan ba tare da ribas ba, wanda duk mai jan mota a baya ya san darajarsa. Ka tambayi ƙarfin wutar kafin ka biya. Soket mai amfiya 30 wat 3,600 yake bayarwa, mai amfiya 50 kuwa har 12,000. Mota mai na'urar sanyi biyu a zafin Arizona, na farkon ba zai riƙe ta ba. Tsadar sansanonin 'yan kasuwa ta fi, kuma a wasu wuraren kana buɗe taga sai ka ga bangon maƙwabci.

Tsakanin waɗannan biyu akwai sansanonin da hukumar injiniyoyin sojan Amurka ke kula da su a bakin tafkunan madatsun ruwa. Da yawansu suna da fili mai faɗi da wuta, a kuɗin gwamnati. Ni su nake fara dubawa.

Akwai kuma filayen BLM, hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, a jihohin yamma, inda ake yada zango kyauta har kwana 14. Tsawo ba ya hana kowa a nan, amma ba wuta ba ruwa, kuma mota mai wannan nauyi idan ta kafe a rairayi, fito da ita aiki ne ja. Sauka ka taka ƙasar da ƙafarka kafin ka bar kwalta.

Idan motarka ta haura ƙafa 35 kuma gandu kake son gani, ajiye ta a sansanin 'yan kasuwa da ke garin bakin ƙofa, kamar West Yellowstone ko Springdale da ke bakin Zion, ka shiga da ƙaramar mota. Ka kuma kira su a waya, ka faɗi tsawo da bisa da yawan ɗakunan da ke zamewa waje ta gefe, ka nemi su gaya maka lambar filin da za su ba ka.