Kumburin cikin ido a Biyetnam: tarin fuka ne ko cutar VKH?

Alamun farko duk ɗaya ne: ido ya yi ja, gani ya dushe, haske yana damun mutum. Magani ne ya sha bamban.

A cutar VKH (Vogt-Koyanagi-Harada), garkuwar jiki ce ke far wa ƙwayoyin da ke ba ido, fata da gashi launi. Tana kama ido biyu, da ciwon kai da ƙarar kunne, ruwa ya taru ƙarƙashin tantanin gani. Daga baya gashin ido ya yi furfura. Maganinta prednisolone ne, mai rage kumburi da danne garkuwar jiki, kusan miligiram 1 kan kowane kilo na nauyin jiki kullum, a riƙa ragewa sannu a hankali har wata 6 ko fiye. In aka yi gaggawar dainawa, sai ta dawo.

Tarin fuka kuwa, wanda ya yi yawa a Biyetnam, yakan shiga ido ko babu tari. Bai wa mai shi prednisolone kaɗai rura wuta ne. Sai magungunan tarin fuka, wato isoniazid, rifampicin, pyrazinamide da ethambutol na wata 2, sannan a ci gaba aƙalla wata 4. A lura, ethambutol kan lalata jijiyar gani.

Gwajin tarin fuka na fata bai isa hujja ba, don mutane da yawa can suna ɗauke da ƙwayar tana kwance. A haɗa da hoton ƙirji kafin a fara prednisolone.