Gwanjon ƙofar gida a Ohio: abin da na samo da inda na yi asara a bazarar bana

Shekarata ta huɗu ke nan a Columbus, babban birnin jihar Ohio, amma sai bana na yarda na bi gwanjon ƙofar gida. Kunya ce ta hana ni tun farko. A Kano inda na tashi, sayen tufafin gwanjo a Ƙofar Wambai ba abin magana ba ne, amma a ce matar aure ta tsaya a ƙofar gidan wasu tana ɗaga kwanukan da suka ci abinci a ciki tana tambayar nawa ne, abin ya yi mini nauyi. Wata Hajiya 'yar Zangon Kumasi da muke haɗuwa a masallaci ita ta karya mini wannan kunyar. Na shiga falonta na ga wani faranti na tagulla a bango, na tambaye ta ko daga gida ta taho da shi. Ta ce, "Ƙanwata, dala biyar na saye shi a ƙofar gidan wata tsohuwa. Ki shirya ranar Asabar, ƙarfe bakwai ina ƙofarki."

Ga yadda abin yake ga wanda bai taɓa gani ba. Bazarar nan ba irin tamu ba ce mai zafin da ke jiran damina. Lokaci ne da ƙanƙara ta narke, itatuwa suka fara toho, mutane suka buɗe tagogi bayan watannin hunturu. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu har cikin Yuni, sai ka ga magidanta sun kwashe abin da ya taru a gareji da ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sun jera a kan tebura a bakin gida, kowane kaya an manna masa 'yar takarda mai ɗauke da farashi. A mahaɗar titi za ka ga kwali da kibiya tana nuna hanya. Wasu suna sa sanarwa a shafukan intanet irin su Facebook Marketplace ko Craigslist ko Nextdoor. Galibi daga Alhamis ko Juma'a ake farawa a rufe Asabar, daga misalin ƙarfe takwas na safe zuwa bayan azahar. Wani lokaci unguwa guda ce za ta haɗa baki a rana ɗaya, ka ajiye mota ka yi ta bin gida-gida a ƙafa.

Abin da ya bambanta wannan da kasuwa shi ne mai kayan ba ɗan kasuwa ba ne. Ba riba yake nema ba, wuri yake nema. Ko zai tashi daga gidan, ko 'ya'ya sun girma sun watse, ko ɗakin ya cika. Duk arahar da ake samu daga nan take fitowa.

Asabar shida na fita, na leƙa gidaje kusan arba'in, abin da na kashe gaba ɗaya bai kai dala 120 ba.

Abin da na fi murna da shi kaskon suya ne na baƙin ƙarfe. A ƙarƙashin tebur na hango shi cikin kwali, tsatsa ta yi masa ja, an rubuta dala goma. Hajiya ta karɓa ta juya bayansa, ta nuna mini tambarin Wagner Ware da sunan garin Sidney. Kamfanin a nan Ohio aka kafa shi a 1891, kuma kaskonsa na da can ana goge cikinsa har ya yi sumul, bai da kaushin da ake ji a yawancin na yanzu, ga shi bai kai su nauyi ba. Ta ɗora shi a kan tebur ta danna gefe ta ga ko zai yi rawa, bai yi ba. Ta ƙwanƙwasa shi da makulli, ya yi ƙara garau, alamar babu tsaga. Dala takwas aka sallama. Aikin da ya ci kuwa ba kaɗan ba ne. Na san a ƙasar nan da yawa suna suya da kitsen alade, kuma baƙin ƙarfe yana riƙe maiƙon da ya sha, don haka ban tsaya ga wankin sama-sama ba. Na kankare tsohon baƙin maiƙon nan kakaf har ƙarfen ya fito, na jiƙa shi a ruwan khal da aka sirka da ruwa rabi da rabi don tsatsar ta saki, na dirje da soson ƙarfe, na busar a kan wuta, sannan na shafa mai kaɗan na gasa a murhun gashi, na maimaita sau huɗu. Kwana biyu ya ɗauke ni. Yanzu a cikinsa nake sinasir, kuma tun da na zo ƙasar nan ban samu abin da ke sakin sinasir ba tare da ya kama ba sai shi. Kaskon kamfanin Lodge da ake ƙerawa a Tennessee tun 1896 yana nan a kantuna kuma yana da kyau, amma wanda ya taɓa wannan tsohon zai ji bambanci a yatsunsa. Idan ka ci karo da mai sunan Griswold, na garin Erie a Pennsylvania, shi ma kada ka wuce.

Sai kwanukan gilashi na Pyrex. Kamfanin Corning na jihar New York ne ya fito da su a 1915, masu launi kuma daga 1945, jeri huɗu da ke shiga cikin juna: babba rawaya, mai bi masa kore, sai ja, ƙaramin shuɗi. Uku na samu, babu shuɗin, a dala goma sha biyu. Matar da ta sayar mini, wadda a ido za ta haura saba'in, ta ce na mahaifiyarta ne, a babban ake kwaɓa fulawa duk ranar Lahadi. Ta naɗe mini su a jarida da hannunta. Wanda zai saya ya ɗaga su sama ya duba a haske, domin wanda aka yi ta sawa a injin wanke-wanke launinsa yana dushewa ya yi fari-fari, kuma ba ya dawowa. Nawa da ƙyallinsu. Ban sa su a aikin girki na kullum ba, saboda fentin waje na tsofaffin kwanuka wani yana ɗauke da dalma, ga yara a gida. A kanta na jera su.

Da na jera su ɗin ne abin ya taɓa ni. Na ja da baya na tsaya, sai ɗakin kakata ya faɗo mini a rai: tasoshin tagulla irin na Bida a sama, langa da samira da fanteka masu furanni a ƙasa, kowane a kife a kan ɗan'uwansa har kusa da rufi, ba a taɓa su sai za a goge da toka da lemon tsami gabanin Sallah. Ashe matan nan ma jere suke yi, a kabad mai gilashi. Shekara huɗu falona kamar ɗakin jiran asibiti, kujera da talabijin da labule, duk sababbi, babu abin da ke da labari. Kwanuka uku suka sauya shi.

Na kuma samu tukunyar CorningWare fara mai shuɗin fure, irin wadda aka fara yi a 1958, da murfinta, dala huɗu. Ita kam tana aiki, miyar kuka nake ɗumamawa a ciki. Akwai wata 'yar tulun fure ta farin gilashi mai ƙuraje-ƙuraje a jiki, aikin kamfanin Fenton na West Virginia, dala uku, da tasar tagulla ta gaske dala biyar.

Na ce ta gaske ne saboda an taɓa ni sau ɗaya. A fita ta biyu na sayi wani tire da mazaunan kyandir biyu a dala shida, ina ganin tagulla ce. Da na zo gogewa sai ruwan saman ya fara tashi, ƙarfe ya bayyana. Tun daga ranar ba na fita sai da ɗan maganaɗisun da ke manne a firij. Tagulla zalla ba ta kama shi. In ya manne, ƙarfe ne aka yi wa wanka.

Babban abin da na saya shi ne durowa mai aljihu huɗu, dala arba'in daga sittin. Yadda na gane katako ne na ainihi, na zaro aljihun na duba kusurwa, na ga an haɗa shi da haƙora masu shiga juna, ba ƙusa da gam ba, kuma bayansa katako ne, ba garin katako da aka matse ba. Da gangan na zaɓi mara fenti. Amurka ba ta hana fenti mai dalma a gidaje ba sai a 1978, don haka duk tsohon kaya mai fentin da ke ɓarewa ina kauce masa komai kyansa. Sai da maigida ya aro babbar mota muka ɗauko ta. Wannan ma abin lura ne, babu mai kawo maka kaya gida.

Asarata ta biyu kujera ce mai laushi, dala goma sha biyar. A waje cikin iska ban ji komai ba. Da ta kwana a rufaffen ɗaki sai warin taba da na kare suka taso, ga fargabar kuɗin cizo da ta hana ni barci. Ko falo ba ta shiga ba, muka fitar da ita. Daga kujerar yadi har katifa har kafet, ba zan ƙara ba, balle ni da nake son inda za a shimfiɗa sallaya ba tare da shakka ba. Fitilar tebur da na saya dala goma kuma wayarta ta bushe tana farfashewa, sai da na biya fiye da kuɗinta aka sauya. Ba a mayar da kaya a wannan harka, babu rasit, abin da ka ɗauka ya zama naka. Mai niyyar kai kayan lantarki gida kuma ya tuna ƙarfin wutar lantarkin nan volt 120 ne, namu 230.

Kada wani ya ɗauka kowace ƙofa taska ce. Cikin gidaje arba'in ɗin nan, fiye da rabi kayan jarirai ne da robobin wasa da tsofaffin litattafai, sai mutum-mutumi na ado waɗanda ni ba na sawa a ɗakina. Sababbin unguwanni na masu ƙananan yara ne. Tsofaffin kaya suna tsofaffin unguwanni irin Clintonville da Worthington, inda mutum zai shekara arba'in a gida ɗaya. Da sanyin safiya ake kama fara, domin akwai masu saye su sayar a intanet, kuma kafin takwas sun riga sun tsaya a bakin titi. Sau biyu ina gani aka ɗauke abin da na hango tun daga mota. Akwai kuma masu gida da suka duba eBay, kasuwar intanet, suka ga abin da wani ya sa wa irin kayansu, suka manna wannan kuɗin, ba su lura cewa farashin da aka nema daban, wanda aka saya daban ba. Irin waɗannan nakan gaishe su in wuce.

Cinikinsu ba irin na Kurmi ba ne da za ka raba kuɗi biyu mai kaya ya ce albarka ku yi ta ja. A nan tayi ɗaya ne cikin ladabi. Abu na dala goma ka ce ko za a karɓi bakwai, a ce to ko a ce takwas, shi ke nan. Idan ka haɗa abubuwa uku huɗu ka nemi kuɗi ɗaya, an fi saurin sallamawa. Ranar Asabar bayan sha biyu kuwa kusan kyauta ake bayarwa, tunda ba mai son mayar da kaya ciki, sai dai a lokacin an tsince na kirki. A riƙe ƙananan kuɗi, 'yan dala ɗaya da biyar. Wasu suna karɓar Venmo, manhajar tura kuɗi ta waya, tsofaffi da yawa ba sa karɓa.

Akwai nau'i ɗaya da na shiga sau ɗaya, wanda har yanzu yake mini nauyi a zuciya. Shi ne idan mai gida ya rasu ko an kai shi gidan kula da tsofaffi, magada su ɗauko kamfani ya sa wa komai na gidan farashi, a buɗe ƙofa kowa ya shiga har uwar ɗaka. A nan ne kaya masu kyau suka fi yawa, ranar farko da tsada, ranar ƙarshe sau da yawa rabin kuɗi. Amma na tarar da tabarau a gefen gado da takardar farashi a jikinsa, da kwali cike da hotunan aure da na jikoki ana sayarwa. Mu da muka saba a raba kayan mamaci tsakanin magada, wani a yi sadaka da shi don ladan ya kai gare shi, ganin baƙi suna buɗe durowar tsohuwa ya girgiza ni. Ban zargi 'ya'yanta ba, wataƙila suna nesa, wataƙila babu inda za su sa. Tasar tagullar nan a gidan na saye ta, kuma duk ranar da na goge ta sai matar da ban taɓa gani ba ta faɗo mini.

Hukuncina bayan sati shida: ga ƙarfe da tagulla da gilashi da katako mara fenti, ban san wata hanya a ƙasar nan da ta kai wannan araha da inganci ba, kuma zan ba kowace 'yar'uwa da ta zo sabuwa shawarar ta fara da nan kafin ta ci bashin kayan ɗaki. Ga duk abin da ke da yadi ko soso ko wayar lantarki, a bar shi inda aka gan shi.

Daren da na jera kwanukan na kira Umma ta bidiyo na nuna mata kantar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wannan rawayan kamar fantekar Inna." Na ce, "Umma, ina tasoshin Inna suke yanzu?" Ta ce yawancinsu an ba mai gwangwan a kan sikeli shekarun baya lokacin da aka gyara ɗakin, saura biyu a ƙarƙashin gadonta, sun yi baƙi. Na roƙe ta kada ta bari kowa ya taɓa su sai na zo. Ta ce za ta sa a nemo lemon tsami a goge su tun yanzu.