Yaya, kafin ka kai kuɗinka ga injin CNC

Assalamu alaikum. Yaya ina gaisuwa, ya iyali, ya yaran shago da mutanen Panteka? Saƙonka ya iso tare da hoton injin CNC na sassaƙa ƙarfe da dillali yake tallata maka. Ka ce ya gaya maka wai tunda kwamfuta ce ke tuƙa shi, duk ƙarfen da aka ba shi zai cinye kamar rake. Shekarata huɗu ke nan ina tsaye a gaban irin injin nan a wata ƙaramar masana'anta kusa da Stuttgart a Jamus, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Kwamfutar ba ta yanka komai. Aikinta ta tuna hanya, ta maimaita sau dubu ba tare da ta gaji ko ta tafi cin abinci ba. Yawan ƙarfen da injin zai sassaƙe kuwa lissafin abu uku ne da ka riga ka sani a hannunka tun kafin a haife ni: zurfin da haƙori, wato wuƙar yankan, ya shiga, tafiyar da yake yi gaba a kowane juyi, da saurin da fatar ƙarfen take wucewa ta bakinsa. A kan ƙarfen da suke kira C45, wanda muka fi yin shaf da shi, ina ba da zurfin milimita 3, tafiyar milimita 0.3, da saurin mita 200 a minti. Idan ka ninka su, kusan kilo ɗaya da rabi na sassaƙe ke zuba duk minti. Ranar farko da na gani sai da na ja da baya. Sassaƙen yana fitowa shuɗi don zafi, yana dukan gilashin ƙofa kamar ƙanƙara a kan kwano.

Abin da ya ba da wannan saurin haƙorin ne. Irin wanda muke wasawa a dutse a shagonka, in ka wuce mita 30 a minti ya ƙone. Na nan ɗan ƙaramin kabayid ne, wani haɗin ƙarfe mai tsananin tauri, da bai fi farcen babban yatsa ba, ana ɗaure shi da sukuru, in kusurwa ɗaya ta cinye a juya wata. Tsofaffin ma'aikata har yanzu Widia suke ce masa, sunan da kamfanin Krupp ya sa wa nasa a 1926, ma'anarsa wai kamar lu'ulu'u. A bayan kowane kwalin haƙora na kamfanin Sandvik ko Walter an rubuta irin ƙarfen da haƙorin ya dace da shi da saurin da zai ɗauka, kuma saurin an auna shi ne bisa kusurwa ɗaya ta yi kamar minti 15 tana yanka. Minti 15 fa, Yaya. Guda ɗaya kuma yana kai Yuro 10 ko fiye. Maigidana ya koya mini cewa in ina son aiki ya yi sauri, in fara ƙara zurfi, sannan tafiya, sauri shi ne na ƙarshe, domin shi ya fi cin haƙori. Na yi gardama a raina, har sai da na ƙone kwali guda a yini ɗaya.

Sai ƙarfin moto. Wancan yankan da na lissafa maka yana jan kilowat 7 zuwa 8. Dillalai suna son faɗin babbar lamba, amma duba farantin injin, za ka ga biyu, misali 15 da 11. Babbar ta ɗan lokaci ce, kamar rabin awa, ƙaramar ita ce wadda zai yini a kai. Kuma akwai tarko a nan: ƙarfe mai faɗin milimita 50 yana juyi kusan 1,270 a minti don ya ba ka mita 200, amma mai faɗin 300 juyi 210 kawai yake bukata. A wannan tafiyar hawainiyar moto ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai in injin yana da giya. Shi ya sa tsohon injinka mai giya zai iya kunyata wani sabon CNC a kan babban fuli.

Irin ƙarfen ma yana da nasa hukunci. Alminiyum bai kai rabin ƙarfin da baƙin ƙarfe ke nema ba. Wanda ba ya tsatsa kuwa mugu ne, in ka yi masa sanyin hannu sai fatarsa ta taurare ta cinye haƙorin. A nan ne na fara ganin bambancin ƙasar nan da gida. Kowace sandar ƙarfe da aka sauke mana tana zuwa da takardar shaida, an rubuta abin da ke cikinta da lambar narkarwar da ta fito. Kafin in taɓa ta na san saurin da zan ba ta. Mu kuwa a gida tsohon shaf ɗin tirela ake sayowa daga 'yan gwangwan, a kai shi dutsen wasa a kalli tartsatsi a yi hasashe. Hannunka yana jin wuri mai tauri ya sassauta. CNC ba shi da wannan tausayin, abin da aka rubuta masa zai bi, ya fasa haƙorin Yuro 10 cikin ƙiftawar ido.

Abu na ƙarshe shi ne riƙo, kuma shi ya fi tsayar da mu a aikin yau da kullum, fiye da moto. Ƙarfe in ya leƙo daga bakin da ke riƙe shi fiye da faɗinsa sau uku, sai an tokare shi ta baya, in ba haka ba ya fara rawa, injin ya kama kuka, fuskar aiki ta fito da zane kamar an yi mata tsaga. Sandar da ake sassaƙa cikin rami da ita, in ta ƙarfe ce, tsawonta kada ya wuce kaurinta sau huɗu. Kuma da zarar juyi ya yi yawa, muƙamuƙin da ke riƙe aikin suna neman buɗewa, riƙo ya ragu. Na taɓa ganin aiki ya kuɓuce ya daki ƙofa, tun ranar ban sake raina gilashin nan mai kauri ba. Girman abin da zai shiga kuwa, faɗin bakin da ramin da ya ratsa ta cikinsa su ke iyakance shi. Tambayi dillalin milimita nawa ne ramin, 52 ko 65, don sandar da ta fi shi kauri ba za ta wuce ba.

Yanzu hidimar da ke kewaye da injin, wadda ba a sako ta cikin kwantena. A nan in haƙori ya kusa ƙarewa da la'asar, a kwamfuta ake yin oda, gobe da hantsi yana kan tebur. In allon kwamfutar injin, na kamfanin Siemens ko Fanuc, ya nuna matsala, waya ake bugawa, mai gyara ya zo da kayansa, sai dai tun daga fitowarsa gida ake lissafa masa kuɗin awa, takardar kuɗin kuma tana sa maigida shiru. Wuta ban taɓa ganin ta ɗauke ana tsakiyar yanka ba. Kai kuma janareta za ka dogara da shi, injin mai kilowat 11 zai nemi kamar kVA 25 shi kaɗai, kuma wutar da ke hawa da sauka ita ke kashe allunan cikinsa. Yawancin na Japan wutar bolt 200 suke ci, sai da taransifoma. Ga ƙurar hunturu da za ta shige akwatin lantarki in ba a rufe ɗakin ba.

Amma kada ka ɗauka komai na nan ya fi namu. Kawo musu fuli ɗaya da ya cinye ka ce su farfaɗo da shi, za su yi maka lissafin awannin rubuta shiri da saita injin, kuɗin ya fi na sabo, su ce ka jefar. Aikin da kake gamawa kafin azahar mai injin niƙa ya koma kasuwa, a nan sai ya jira mako biyu. Yaron da zai tuƙa injin ma shekara uku da rabi yake koyo, wasu ranaku a makaranta, yawanci a masana'anta. CNC yana biyan kuɗinsa ne in kana da abu iri ɗaya ɗari biyar, kamar bushin ko fil na injinan casar shinkafa. In kana da mai ba ka irin wannan odar duk wata, to mu ci gaba da magana.

Ka sa dillalin ya ɗauko hoton farantin moto, da shekarar ƙira, da shafin da ke nuna awannin da injin ya yi yana aiki, ya kuma kunna shi ya yanka ƙarfe a bidiyo da sauti don in ji kukansa. Kada ka ba da ko sisi kafin in gani. A gaida Hajiya, a ce mata maganin ƙafar yana hannun mai zuwa ƙarshen wata.