Jesin Puskas da na yi oda, ga yadda na same ta

Sati uku kenan da jesin nan ta shigo hannuna, na saka ta sau huɗu an wanke sau biyu, to ina ga yanzu na isa in faɗi ra'ayina a kanta. Wani bawan Allah ne mai saida jesunan da a WhatsApp, ina ganin ya ɗora ta Hungary ta 1953 a status, ja mai duhu da lamba 10 a baya, lambar Puskas shahararren ɗan ƙwallon ƙasar, ko ciniki ban tsaya yi sosai ba na tura kuɗi.

Gaskiya yadin ya burge ni, auduga ce zalla mai kauri, ba irin robar nan mai sheƙi da ta cika kasuwa ba. Tambarin ƙirji ma ɗinki ne ba liƙi ba, kuma irin na wancan zamanin, jan tauraro da guduma da zangarniyar alkama. Ya ce in ƙara kuɗi ya buga min PUSKAS a baya na ce a'a malam bar ta haka, lokacinsu lamba kawai ake sawa.

Ranar da na fara shiga gidan kallon ball da ita wani yaro ya ce min yaya wannan ta wace ƙungiya ce, da na ce ta Puskas ce sai ya ce au, dama sunan mutum ne? Shi kyautar FIFA mai sunan Puskas kawai ya sani, wadda ake bayarwa tun 2009 ga wanda ya ci ƙwallo mafi kyau. Abin ya taɓa ni wallahi. Mutumin da ya ci wa ƙasarsa ƙwallo 84 a wasa 85! Cikin irin rigar nan suka je Wembley a Nuwamban 1953 suka lallasa Ingila 6-3, shi ya ci biyu, ɗayar kam har yau in na kalla sai tsikar jikina ta tashi, ya janyo ƙwallon baya da tafin ƙafar hagu kyaftin ɗin Ingila Billy Wright ya zo a guje ya wuce iska, shi kuma ya ɗana ta a raga. Da Ingila ta je Budapest ramuwa a 1954, 7-1 aka yi mata. Kofin duniya ne dai bai zo rabonsa ba, Jamus ta Yamma ta doke su 3-2 a wasan ƙarshe bayan sun fara cin biyu. Rikicin da aka yi a Hungary a 1956 ya raba shi da gida aka dakatar da shi, sai 1958 ya shiga Real Madrid yana shekara 31 ga tumbi, ana ta cewa ya ƙare, amma a 1960 shi kaɗai ya zuba wa Eintracht Frankfurt huɗu a wasan ƙarshe na kofin Turai da aka tashi 7-3. Har aka dawo hutun rabin lokaci yaron bai matsa daga gefena ba.

To sai inda aka samu matsala. Rigar tana zuba, wankin farko aka haɗa ta da farar singiletina ta koma ruwan hoda, don haka a wanke ta ita kaɗai da ruwan sanyi. Sannan L na ce amma ta kama ni a kafaɗa, duk mai so ya ɗauki sama da abin da ya saba sawa. Ga nauyi, da rana a Kano ba ta sawuwa sai dai bayan magariba ko in sanyi ya shigo. Mai saidawar ya ce min kwana uku za ta iso tasha, sai da ta yi tara, kuma sai ni nake ta kira, wannan kam ban ji daɗinsa ba.

Duk da haka ban yi da-na-sanin kuɗina ba, har na ce ya nemo min farar ta Madrid ta 1960, amma XL wannan karon.