Shafin GovTrack a Matsayin Ma'aunin Sanatan da Ake Hasashen Zai Zama Abokin Takara

A makon ƙarshe na watan Yulin 2024, bayan da Shugaba Joe Biden ya janye daga takara kuma tutar jam'iyyar Democrat ta koma hannun Kamala Harris, sunan Sanata Mark Kelly na jihar Arizona yana cikin waɗanda aka fi ambata a jerin mutanen da za ta iya ɗauka su rufa mata baya a matsayin ɗan takarar mataimakin shugaban ƙasa. Kowace kafar labarai tana maimaita abu ɗaya a kansa, wato tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne na rundunar sojan ruwa, tsohon ɗan sama-jannati ne, kuma ya ci zaɓe sau biyu, a 2020 da 2022, a jihar da jam'iyyun biyu ke kai ruwa rana a kanta. Da yake gani ya kori ji, sai na ajiye sharhin masu sharhi na koma shafin GovTrack domin in duba da idona abin da mutumin ya aikata a Majalisar Dattawa. Tun daga lokacin nake amfani da shafin duk sa'ad da aka fara raɗe-raɗin wani sanata, kuma abin da ke tafe shi ne yadda na same shi.

GovTrack ba na gwamnatin Amurka ba ne. Wani mai suna Joshua Tauberer ne ya buɗe shi a 2004, yana tattara bayanan majalisar dokokin tarayya yana shirya su yadda wanda ba lauya ba zai iya bi. Ba a biyan kuɗi kafin a shiga, ba sai an yi rajista ba idan karatu kawai ake so, kuma yana buɗuwa a waya ba tare da wata wahala ba. Da Turanci kaɗai yake, kuma Turancin majalisa ne, don haka wanda bai saba da kalmomin wannan fage ba zai ɗan sha fama a kwanakin farko.

Idan aka rubuta sunan sanata, shafinsa yakan fito da ranar da ya shiga majalisa, da lokacin da wa'adinsa na shekara shida zai ƙare, da kwamitocin da yake ciki, da ƙudurorin da ya gabatar, da waɗanda suka zama doka, da ƙuri'un da ya kaɗa, da kuma yawan waɗanda aka kaɗa ba ya nan. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga mai neman babban muƙami, domin abokan hamayya sun yi wa Sanata Marco Rubio gori da shi sosai lokacin da yake neman tikitin jam'iyyar Republican a 2016. A nan shafin ya fi na hukuma, wato Congress.gov, sauƙin karantawa, ko da yake a can ne asalin takardun suke.

Inda na fi ganin amfaninsa shi ne jerin sanatocin da suka sa hannu suka mara wa kowane ƙuduri baya. A kan Kelly, babban ƙorafin da ya taso a waɗancan kwanaki daga wasu ƙungiyoyin ƙwadago ya fito, waɗanda suka ce bai sa sunansa a ƙudurin da ake kira PRO Act ba, ƙudurin da zai sauƙaƙa wa ma'aikata kafa ƙungiya. Na buɗe shafin ƙudurin na zangon majalisa na 2021 zuwa 2022, na bi sunayen 'yan Democrat ɗaya bayan ɗaya, kuma lallai babu nasa, alhali kusan dukan 'yan jam'iyyarsa suna ciki. Cikin minti biyar na tabbatar da abin da da sai in yi ta jin sa a bakin masu goyon baya da masu adawa, kowa yana ƙara masa gishiri. Daga baya Kelly ya fito ya ce zai jefa wa ƙudurin ƙuri'a idan aka kawo shi zauren majalisa, kuma saurin da ya yi wajen faɗin haka ya nuna cewa ya san nauyin maganar a jam'iyyar da ta dogara da 'yan ƙwadago a jihohin Michigan da Pennsylvania da Wisconsin.

Amma akwai wani sashe na shafin da nake ganin ya kamata a riƙe shi da hannu biyu, shi ne taswirar da ke jera sanatoci daga masu sassaucin ra'ayi zuwa 'yan mazan jiya. Mutane da yawa suna zaton daga ƙuri'un da sanata ya kaɗa ake fitar da wannan maki, alhali kuwa daga tsarin sa hannu a ƙudurori ake lissafa shi, wato wa ya mara wa wa baya. Sanatan da ba ya yawan haɗa hannu da 'yan ɗaya jam'iyyar zai bayyana a can gefe, ko da kuwa a zahiri ba shi ne mafi tsauri ba. Shafin ya bayyana wannan hanya tasa ga mai son karantawa, sai dai masu yaƙin neman zaɓe ba bayani suke nema ba. Rahotonsa na shekarar 2019 ya sa Harris a matsayin wadda ta fi kowane sanata karkata ga sassaucin ra'ayi, 'yan Republican suka yi ta yawo da shi tun daga 2020, kuma a Yulin 2024 masu shafin suka cire wannan rahoto da hujjar cewa bayanan shekara ɗaya ba su isa a yanke hukunci da su ba. Hujjar tana da ma'ana a wurina, amma lokacin da aka zaɓa ya sa wasu suka ce ruwa ba ya tsami banza. Ni dai na daina kafa hujja da makin, jerin sunaye da ƙuri'u nake bi.

Babban abin da ya kamata mai amfani da shafin ya sani shi ne cewa ba a tarihin majalisa kaɗai gizo ke saƙar ba. Tambayar farko da jam'iyya ke yi idan aka ambaci sanata mai ci ita ce wa zai gaji kujerarsa. A yawancin jihohi gwamna ne ke naɗa wanda zai riƙe gurbin kafin a yi zaɓe, kuma a majalisar da ke da mutum 100, wadda aka taɓa raba ta 50 da 50 daga 2021 zuwa farkon 2023, kujera ɗaya tana iya sauya wanda ke da rinjaye. A 2016 an ambaci Sherrod Brown na Ohio da Cory Booker na New Jersey da Elizabeth Warren ta Massachusetts a matsayin waɗanda Hillary Clinton za ta iya ɗauka, amma dukan jihohin uku gwamnonin Republican ne ke mulkinsu a lokacin, ta kuwa ɗauki Tim Kaine na Virginia, inda gwamna Terry McAuliffe ɗan jam'iyyarta ne. A kan Kelly, gwamnar Arizona Katie Hobbs 'yar Democrat ce, kuma dokar jihar ta tilasta a naɗa ɗan jam'iyyar wanda ya bar kujerar, sai dai hakan zai jawo zaɓen cike gurbi a 2026 a kan kujerar da take hannunsu har zuwa zaɓen 2028. Wannan lissafi ba ya cikin shafin sanata a GovTrack, dole mutum ya nemo shi a dokokin jihohi.

Haka ma gyara na 12 na kundin tsarin mulki, wanda ya hana wakilan zaɓe na wata jiha, wato waɗanda ke zaɓen shugaban ƙasa da mataimakinsa a madadin jihar, jefa ƙuri'unsu biyu ga mutane biyu mazauna jiharsu. Shi ne ya zama wa Rubio ƙarfen ƙafa a 2024, lokacin da ake hasashen Donald Trump zai ɗauke shi, domin shi da Trump duk a Florida suke, kuma shi ne ya sa Dick Cheney ya mayar da rajistarsa ta zaɓe daga Texas zuwa Wyoming a 2000, domin George W. Bush da ya ɗauke shi abokin takara shi ma a Texas yake. Sai kuma binciken sirri da lauyoyin ɗan takara ke yi a kan lafiya da dukiya da rayuwar iyali, wanda aka tsaurara tun bayan da Sanata Thomas Eagleton ya janye daga tikitin George McGovern, ɗan takarar shugaban ƙasa na Democrat, a 1972, kwana 18 da zaɓarsa, saboda bayanan jinyar da ya taɓa yi waɗanda bai faɗa tun farko ba.

Ba laifin shafin ba ne da bai ƙunshi waɗannan ba, tunda ba don su aka gina shi ba, amma wanda ya dogara da shi kaɗai a 2024 da ya yi kuskure a ɓangarorin biyu. Harris ta tsallake Kelly ta ɗauki gwamnan Minnesota Tim Walz a ranar 6 ga Agusta, abin da ya saɓa wa al'adar jam'iyyar da ta ɗauki sanatoci irin su Lyndon Johnson a 1960 da Walter Mondale a 1976 da Al Gore a 1992 da Biden a 2008. Trump kuwa ya ɗauki JD Vance na Ohio a ranar 15 ga Yuli, yana da shekara 39, kimanin wata 18 kawai ya yi a majalisa. Lokacin da na buɗe shafin Vance daga baya, ban ɗauki minti goma ba na karance shi kaf, kuma shi ne aka rantsar a matsayin mataimakin shugaban ƙasa a ranar 20 ga Janairun 2025, gwamnan Ohio Mike DeWine ya naɗa Jon Husted a kujerar da ya bari.