Tafkin Wanka a Jirgin Ruwan Shaƙatawa: Abin da Muka Gani da Ƙaramar 'Yarmu

Mun shiga jirgin ruwan yawon shaƙatawa daga birnin Mayami na Amurka zuwa tsibiran Bahamas tare da 'yarmu mai shekara 2, wadda ba ta daina sa famfas ba tukuna. Washegari da safe, tana riƙe da bokitin wasanta, ma'aikacin da ke kula da tafkin ya dakatar da mu cikin ladabi, ya ce yaron da bai iya zuwa bayi da kansa ba ba ya shiga, ko da ya sa famfas na ninkaya.

Dokar ta samo asali ne daga CDC, hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka, kuma na yarda da ita, domin famfas ba ya hana zawo ratsawa cikin ruwa, wasu ƙwayoyin cuta kuma suna kwanaki a ruwan da aka zuba wa sinadarin kulorin ba su mutu ba. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ba a bayyana mana wannan ba lokacin sayen tikiti. Wasu jiragen suna da keɓaɓɓen wurin fesa ruwa na jarirai, namu kuwa ba shi da shi, saboda haka a bahon ɗakinmu ta riƙa wasan ruwanta.